Yadda Ake Kwatanta Jinom Ɗin Bairos Masu Cin Bakteriya

Wanda ya saba aiki da bakteriya yana da wani gata da bai cika lura da shi ba. Kowace bakteriya tana ɗauke da ƙwayar gadon da ake kira 16S. Ka karanta ta, ka jera ta da ta sauran, nan take ka san gidan da ta fito. Ranar da ka koma kan fej, wato bairos ɗin da ke shiga bakteriya ya hayayyafa a cikinta, sai ka tarar babu wannan sandar dogarawa. Babu ƙwayar gado ko guda ɗaya da dukkan fej suka yi tarayya a kanta. Dole ka ɗauki jinom ɗin ɗungurungum, wato rubutun gadon bairos ɗin daga harafin farko zuwa na ƙarshe, ka aza shi kusa da na wani ka duba.

Sauƙin aikin shi ne ƙanƙantar jinom ɗin fej. Fej ɗin phiX174, wanda Fred Sanger da abokan aikinsa suka karanta a Kambirij a 1977, shi ne jinom na DNA na farko da aka taɓa kammalawa, kuma haruffansa 5,386 ne kacal. A sauran fej, T7 yana da 39,937, lambda 48,502, T4 kuwa kusan 169,000. Kwamfutar da kake da ita ta isa. Wahalar tana cikin halinsu: fej suna musayar gaɓoɓin jinom a tsakaninsu ba ƙaƙƙautawa, har jinom ɗaya ya koma kamar riga mai faci, kowane ƙyalle da inda aka yanko shi. David Botstein ya bayyana wannan tun 1980, bayanan da suka biyo baya kuma suka gaskata shi. Don haka duk wanda ya ce maka fej biyu sun yi kama da kashi kaza cikin ɗari ya yi shiru, rabin labari ya ba ka. Sauran rabin shi ne a ina suka yi kamar, a ina kuma suka rabu.

Kafin ka buɗe manhaja

Ka fara da rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Shin fej ɗin da na ware sabo ne ko an riga an san shi? Me ya sa waɗannan biyun suke kama bakteriya daban-daban alhali 'yan gida ɗaya ne? Shin wannan ya dace a gwada shi wajen magani? Kowace tambaya da inda za ka fi daɗewa. Wanda bai yanke tambaya ba zai tara hotuna masu kyau goma, wankin hula ya kai shi dare.

Mataki na farko: ka tabbata jinom ɗin jinom ne

Idan daga rumbun GenBank za ka sauko da su, ka ɗauki fayil biyu ga kowanne: FASTA mai ɗauke da haruffa zalla, da fayil ɗin GenBank mai bayanin ƙwayoyin gado. Ka rubuta lambar rajista da ranar da ka sauke. Don gwajin hannu, lambda yana ƙarƙashin NC_001416, T7 NC_001604, T4 NC_000866.

Idan kuma naka ne, daga na'urar karanta DNA ya fito a guntaye, sai ka bi a hankali. Ka duba ingancin guntayen da FastQC, ka datse ɓaragurbin da fastp ko Trimmomatic, sannan ka ɗinke su da SPAdes. Wani abu da ke ba sababbi mamaki: yawan guntaye yana ɓata ɗinki. Jinom ɗin ƙarami ne, sau da yawa na'ura takan karanta kowane harafi sau dubbai, kurakuran karatu su taru har manhaja ta ɗauke su a matsayin gaskiya, ta farfasa maka jinom. Ka tsakuro kaɗan da seqtk, yadda kowane harafi zai samu karatu kamar sau ɗari, ka ɗinka da wannan. Bayan nan ka mayar da dukkan guntayen kan abin da ka ɗinka ka ga ko sun kwanta daidai.

Abin da kake fata shi ne zare dogo guda ɗaya mai zurfin karatu sosai, wato wanda aka karanta kowane harafinsa sau da yawa, sai tarkacen gajeru marasa zurfi waɗanda galibi DNA ɗin bakteriyar da ka reni fej ɗin a kanta ne. Dogayen zaruruwa biyu masu zurfi suna nufin ko dai fej biyu ne a kwalbarka, ko wani fej da ke kwance cikin jinom ɗin bakteriyar ya farka ya bi ayari. In kuma ka ga wani zare mai haruffa wajen 5,386, kada ka yi murnar gano sabon abu. Shi ne phiX174 ɗin nan, ana zuba shi da gangan a na'urorin karanta DNA na kamfanin Illumina don auna ingancin karatu. Ka cire shi. CheckV zai ba ka ƙiyasin ko jinom ɗin ya cika ko da saura.

Mataki na biyu: bakin jinom

A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Yawancin fej masu wutsiya suna cusa DNA ɗinsu cikin ƙoƙon kai a miƙe, amma kowane gida da yadda yake yanka bakin. Lambda yana yanka a wuri ɗaya kullum, ya bar haruffa 12 a kowane baki suna reto a igiya ɗaya, waɗanda ke manne wa juna da zarar ya shiga bakteriya. T7 yana maimaita haruffa 160 iri ɗaya a farko da ƙarshe. T4 kuwa ba ruwansa da wurin yanka: yana ɗura DNA har kai ya cika, ya yanke, ya ci gaba da ɗura wa na gaba daga inda ya tsaya. Saboda haka kowane ɗan T4 da harafin da ya fara da shi, ko da yake duk abu ɗaya suke ɗauke da shi.

Manhajar ɗinki ba ta san wannan ba. Takan ga jinom ɗin kamar zobe, ta yanke shi duk inda ta ga dama, wani lokaci a tsakiyar ƙwayar gado. Takan kuma bar 'yan haruffa iri ɗaya a farko da ƙarshen zaren. In ka ga tsawonsu ya zo daidai da 55, 77 ko 127, wannan sawun SPAdes ne, ba halittar fej ba, sai ka goge ɗaya.

Na taɓa shafe kwana biyu ina rubuta bayani a kan wani "babban sauyin wuri" da na gani tsakanin fej biyu. A zanen, layin da ya kamata ya tashi daga kusurwa zuwa kusurwa ya karye biyu: doguwar gaɓa a sama ta hagu, gajeriya a ƙasa ta dama. Har na fara tunanin wace hanya ce ta ɗauke kashi ɗaya cikin uku na jinom ta mayar da shi gaba. Wata abokiyar aiki ta leƙo allon, ta ce, "Malam, a ina kowannensu ya fara?" Shi ke nan. Na yanke su a wuri ɗaya, layin ya miƙe sumul, bayanin kwana biyu ya tafi kwandon shara.

Ga abin yi. In kana da guntayen asali, ka ba PhageTerm, zai duba inda guntaye suka yi cincirindon farawa ya gaya maka irin bakin. Sai dai ba ya aiki idan an shirya samfurin da hanyar Nextera, ɗaya daga cikin hanyoyin daddatsa DNA kafin a karanta ta, domin wannan hanyar tana zubar da ainihin bakin. In ba ka samu bakin gaskiya ba, ka bi al'adar masu fannin: ka fara kowane jinom daga ƙwayar gadon taminez, injin da ke ɗura DNA cikin kai, wanda za ka ga an rubuta babban ɓangarensa terL. Manhajar dnaapler tana yin wannan. In kuma kana da ɗan'uwa na kusa da aka riga aka wallafa, ka bi inda shi ya fara. Ka tabbata kuma duk suna fuskantar gefe ɗaya, domin DNA igiya biyu ce, ana iya rubuta jinom ɗaya ta kowace igiya.

Mataki na uku: nemo 'yan'uwa

Ka jefa jinom ɗin cikin BLASTn, manhajar neman jinom masu kama da naka, a shafin NCBI, cibiyar da ke riƙe da rumbun GenBank. Ka lura da zaɓin da shafin ke buɗewa da shi, megablast, wanda ke neman haruffa 28 a jere iri ɗaya kafin ya fara kwatanci. Wannan na 'yan'uwa na jini ne. In bai samo komai ba, ka koma blastn na asali mai fara da 11. Ka ɗauki goma ko ashirin na sama, ka ƙara da wakilin kowane dangi da hukumar ICTV, mai rarraba bairos da sanya musu suna a duniya, ta amince da shi a wannan yanki, da kuma ɗaya ko biyu na nesa don su zama ma'auni.

A sakamakon BLAST, ginshiƙai biyu za ka karanta tare: kashin kamanni, da kashin jinom ɗinka da kwatancin ya rufe. Ido yakan ruga kan na farko. Kama da wane ba ta wane.

Mataki na huɗu: gani da ido

Kafin kowane lissafi, ka yi zanen ɗigo-ɗigo da Gepard. Jinom ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, duk inda haruffa suka dace a sa ɗigo. Layi ɗaya miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa kusurwa: 'yan gida ɗaya ne, tsari ɗaya. Layi mai giɓi-giɓi: gaɓoɓi sun dace, wasu an musanya su. Layin da ya yi tsalle gefe ya ci gaba: ɗaya yana da ƙarin gaɓar da ɗayan ba shi da ita. Layin da ya juya ta ɗaya kusurwar: ko gaɓa ta kife, ko ka manta juya igiya. Fili fari fat: a matakin DNA ba su san juna ba. Za ka iya haɗa jinom ashirin a fayil ɗaya ka kwatanta shi da kansa, rukunai su fito kamar murabba'ai a kan layin tsakiya. Da irin wannan zanen ne ɗakin binciken Graham Hatfull a Jami'ar Pittsburgh ya fara rarraba fej ɗin da ke kama Mycobacterium smegmatis zuwa rukuni-rukuni, aikin da ya girma ya zama rumbun PhagesDB.

Mataki na biyar: lambar da ta dace

Yanzu sai lissafi. A ɗauka jinom biyu ne, kowanne haruffa 40,000. BLAST ya ce kamanni kashi 98, amma a kan haruffa 8,000 kawai. Haruffan da suka dace ke nan 7,840. Ka tara na ɓangarorin biyu, 15,680, ka raba da jimillar tsawonsu, 80,000. Sakamako: kashi 19.6. Daga 98 zuwa ƙasa da 20. Wannan ne lissafin da manhajar VIRIDIC ke yi wa kowane jinom da kowane, ta fito da jadawali mai launi, har da tsawon da aka kwatanta da bambancin girman jinom ɗin biyu.

Manhajojin ANI, wato na lissafin matsakaicin kamannin haruffa, da aka gina don bakteriya suna auna kamanni ne a inda aka dace kawai, su yi watsi da sauran, shi ya sa sukan kumbura lamba idan aka ba su fej. Ni ba na amfani da su a nan sai in jinom ɗin sun dace kusan ko'ina.

Iyakokin da masu rarraba fej a ICTV ke aiki da su sanannu ne: kashi 95 zuwa sama a faɗin jinom, nau'i (species) ɗaya ne, kusan kashi 70 zuwa sama, dangi (genus) ɗaya ne. Ƙasa da 95 da duk wanda aka sani, kana da sabon nau'i. Kada wannan ya kumbura maka kai, domin an ƙiyasta fej a duniya sun kai 10 mai sifili 31 a bayansa, samun sabon nau'i ba abin a buga ganga ba ne. In lambarka ta faɗo a bakin iyaka, 69 ko 71, kada ka yanke hukunci da ita kaɗai. Ka jira abin da furotin za su ce.

Mataki na shida: sanya wa ƙwayoyin gado suna, da hannu ɗaya

Fayilolin GenBank mutane daban-daban ne suka rubuta bayaninsu, a shekaru daban-daban, da manhajoji daban-daban. Wani ya tsinci ƙananan ƙwayoyin gado, wani ya tsallake su. In ka kwatanta su a haka, za ka "gano" cewa fej ɗinka yana da ƙwayoyin gado goma da ɗan'uwansa ba shi da su, alhali suna nan, ba a dai rubuta su ba. Maganin shi ne ka sake bi ta kan dukkansu da manhaja ɗaya, siga ɗaya. Pharokka ta dace da wannan: tana nemo ƙwayoyin gadon da PHANOTATE ko Prodigal, ta nemo aikinsu a rumbun PHROGs, ta kuma tsinto na tRNA, masu ɗauko tubalan gina furotin.

Sannan ka zauna ka duba da kanka. Jinom ɗin fej a cushe yake, ƙwayoyin gado suna bin juna kai da ƙafa, har wasu kan hau kan wasu da 'yan haruffa. In ka ga fili mai faɗi babu komai, ka yi zargin an tsallake wani abu. In kuwa jinom ɗin gaba ɗaya ya fito a farfashe, ƙananan ƙwayoyin gado birjik da giɓi tsakaninsu, ruwa ba ya tsami banza: wasu fej, irin wasu dangin crAss da ke hanjin ɗan Adam, sun mayar da haruffan TAG, alamar da ke nuna ƙarshen ƙwayar gado, ta koma ma'anar gulutamin, ɗaya daga cikin amino asid, tubalan gina furotin. Ka canza jadawalin fassara, wanda manhajar ke mayar da haruffan DNA amino asid da shi, daga na 11 zuwa na 15 ka ga ko ƙwayoyin gadon za su haɗe.

Fiye da rabin furotin ɗin sabon fej sukan fito ba tare da an san aikinsu ba. Haka abin yake, ba gazawarka ba ce. Waɗanda suka dame ka, ka gwada su a HHpred, wanda ke iya gano dangantakar nesa da BLAST ba ya gani. Matsayi ma yana magana: a fej masu doguwar wutsiya mara tsukewa, ƙwayar gado mafi tsawo galibi ita ce ma'aunin wutsiya, wadda tsawonta ke yanke tsawon wutsiyar, kuma waɗanda ke kewaye da ita na ginin wutsiya ne. Amma kada ka laƙa wa furotin suna don kawai maƙwabcinsa. Ka rubuta shi a matsayin zato.

Mataki na bakwai: inda DNA ta yi shiru, a tambayi furotin

Haruffan DNA suna sauyawa da sauri fiye da furotin ɗin da suke haifarwa, tunda rubutu daban-daban na iya ba da amino asid ɗaya. Fej biyu da zanen ɗigo ya nuna fari fat suna iya zama da furotin masu kama da tsari iri ɗaya. Ka ba clinker fayilolin GenBank ɗin da ka sabunta. Zai jera jinom ɗin layi-layi, kowace ƙwayar gado kibiya, ya haɗa masu kama da igiyar launi. Easyfig ma yana yin makamancin haka. Kada ka wuce jinom shida ko takwas a hoto ɗaya, kuma ka jera su yadda na kusa zai zauna kusa da na kusa, domin layin da ke maƙwabtaka kawai ake haɗawa.

A nan ne facin rigar ke bayyana. Misalin da na fi so shi ne lambda da P22. Lambda yana kama E. coli, wutsiyarsa doguwa. P22 yana kama Salmonella, wutsiyarsa 'yar guntuwa. A hoton na'urar hangen ƙananan halittu ba za ka ce sun haɗa komai ba, tsohon tsarin rabo ma gida daban-daban ya sa su. Amma ka jera jinom ɗinsu: sashen da ke yanke shawarar ko a kwanta cikin bakteriya ko a fasa ta, da na sarrafa ƙwayoyin gadon farko, tsarinsu ɗaya ne, har an taɓa haɗa 'ya'yan gauraye tsakaninsu a ɗakin bincike. Sashen ginin jiki ne ya bambanta. Irin wannan ne ya sa ICTV ta soke tsofaffin gidajen nan uku da aka gina a kan siffar wutsiya, Myoviridae da Siphoviridae da Podoviridae, a 2022, ta tattara fej masu wutsiya ƙarƙashin ajin Caudoviricetes. In ka ga waɗannan sunayen a tsohon fayil, siffa suke gaya maka, ba zuri'a ba.

Don ganin matsayin fej ɗinka cikin dubbai, ViPTree yana zana bishiya daga kamannin dukkan furotin, vConTACT2 kuma yana zana raga, inda fej masu tarayya a furotin da yawa ke taruwa wuri ɗaya. Ragar ta fi dacewa da halittar da ke da kakanni da yawa.

Bishiyar ƙwayar gado ɗaya fa? Ka yi ta, amma kada ka yi guda. Ka ɗauki terL, da babban furotin ɗin ƙoƙon kai, da folimarez ɗin DNA, injin da ke kwafar DNA, in akwai. Ka jera kowanne da MAFFT, ka gina bishiya da IQ-TREE. In ukun sun yi magana ɗaya, madalla. In sun saɓa, ba kuskure ba ne dole. Wataƙila ka kama musaya ce da hannu. Bishiyar terL tana da ƙarin amfani, domin fej masu salon ɗura DNA iri ɗaya sukan taru a reshe ɗaya, sai ta ba ka haske kan bakin jinom ɗin da PhageTerm ya kasa warwarewa.

Mataki na takwas: koma kan tambayarka

Idan tambayar ta bakteriyar da ake kamawa ce, ka nufi ƙarshen sashen wutsiya. Furotin ɗin da ke damƙar bakteriya sukan yi kama a gindinsu, inda suke manne da jikin fej, su bambanta a tsininsu, inda suke taɓa bakteriya. A lambda furotin J ne ke kama LamB a fatar E. coli, T4 yana amfani da dogayen zaruruwan wutsiya ya kama OmpC ko sukarin da ke bangon. Fej biyu na iya dacewa kashi 97 amma duk bambancin ya taru a wannan tsinin. Ka ciro furotin ɗin biyu, ka jera su amino asid bayan amino asid, ka ga daga ina suka rabu. Ka tuna kuma shiga ba ita ce nasara ba: bakteriya tana da almakashin yanka baƙuwar DNA, shi ya sa T4 ke sauya harafin C ɗinsa ya lulluɓe shi da sukari. Irin waɗannan ƙwayoyin gadon kariya ma suna cikin abin dubawa.

Idan ta magani ce, abu uku ake nema a tabbatar babu: intigirez (injin da ke dasa jinom ɗin fej cikin na bakteriya) da furotin mai danne fashewa, alamun cewa fej ɗin na iya kwanciya cikin bakteriya maimakon kashe ta, ƙwayoyin gadon jure maganin kashe bakteriya, da na dafi. Na ƙarshen ba tsoron banza ba ne. Dafin kwalara fej ɗin CTXphi ne ke ɗauke da shi, dafin Shiga na E. coli O157:H7 yana kan fej 'yan gidan lambda, dafin mashaƙo ma fej ne ke kai wa bakteriyarsa. Rashin ganin intigirez a fayil ba ya wanke fej gaba ɗaya, tunda akwai masu zama cikin bakteriya a matsayin zobe mai zaman kansa, irin P1. Sai an koma farantin renon bakteriya an gwada ko bakteriyar da ta tsira tana ɗauke da shi.

Duk abin da ka yi, ka rubuta sigar kowace manhaja, ranar da ka yi BLAST, da harafin da ka fara kowane jinom da shi. Rumbun yana ƙaruwa kullum, ɗan'uwan da ya fi kusa yau ba lallai ne shi ba bayan wata shida.

In kana son gwada hannunka kafin ka taɓa naka, ka sauko da T7, T3, lambda da P22. Ka yi musu zanen ɗigo, ka ba VIRIDIC, sannan clinker. T7 da T3 za su ba ka tsari ɗaya daga farko har ƙarshe duk da cewa ICTV ta sa su dangi daban-daban, Teseptimavirus da Teetrevirus. T7 da lambda, masu cin bakteriya ɗaya, za su bar maka fili fari. Lambda da P22 kuwa, lambar VIRIDIC za ta yi ƙasa sosai, amma ka buɗe hoton clinker ka bi igiyoyin launin da yatsa, ka ga a wane sashe suka taru.